Takalmin da Na Saya wa Baba

Alhamdu lillahi, ƙafafun Baba sun warke, kuma dukansu biyu suna nan a jikinsa. Da wannan na fara don kada hankalin kowa ya tashi, tunda a cikin wata ukun da muka yi muna jinya har an sami wanda ya rantse sai an yanke ta hagu. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne na san tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan gidaje da yawa suna da irin takalmin da ya kusa raba mahaifina da gonarsa, kuma akwai 'ya'ya masu rawar kai irina da ke sayensa.

Sunana Hajara. Ina koyarwa a wata firamare a Ikara, inda nake aure, iyayena kuma suna Kudan. Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Shekarata talatin da biyu ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Idan da ni yake magana, “ke” ce. Idan da wani yake maganata, “ta Ikara” ce. Inna ma haka, sai dai ita takan yi hira da ni idan babu idon mutane. Al'ada ce, na sani, kuma ban riƙe su da komai ba. Amma ƙarya nake in na ce ba na jin wani abu a raina duk lokacin da Baba ya ƙwala wa ƙanena Nasiru kira tun daga zaure har maƙwabta su ji.

Baba manomin rake ne a fadamar bayan gari. Shekara hamsin yana shiga cikinta ba takalmi, har tafin ƙafarsa ya zama idan ya taka ƙaya, ƙayar ce ke karyewa. To, a farkon daminar bara maciji ya sari wani maƙwabcinsa na gona, aka sha wuya kafin ya tashi. Na kasa barci. Ran kasuwar Makarfi na sauka daga mota na sayi takalmin ruwa, irin dogon nan na baƙar roba da ke kai wa ƙasan gwiwa, mai kauri, mai warin sabuwar taya. Na kai Kudan na durƙusa na ajiye a gabansa.

Ya dube shi ta gefen ido.

“Me za a yi da wannan? Soja aka ɗauke ni?”

Ya sa sanda ya ture shi gefen bango. Na koma Ikara raina a ɓace, ina ta faɗa wa maigidana cewa na daina saya wa tsoho komai. Bayan kwana takwas Inna ta kira ni a waya tana dariya ƙasa-ƙasa.

“Mutumin naki fa ya hana mu sakat. Gona da takalmi, majalisa da takalmi. Jiya har gidan suna ya je da shi, da babbar riga a sama. Ƙofar masallaci da bakin gado kaɗai yake cirewa. Kullum da yamma sai ya wanke shi da sabuluna.”

Ranar har waƙa na yi ina tuƙa tuwo.

Bayan kamar wata guda ƙaiƙayi ya fara. A makon farko babu wanda ya ɗauke shi da zafi. Baba ya samo totuwar masara ya ajiye kusa da buzunsa, da ya dawo gona sai ya zauna yana gurzar ƙwauri da ita, idonsa a rufe don daɗi. Inna ta ce sanyin fadama ne, ta shafa masa man kaɗanya. A mako na biyu ƙuraje suka feso, ƙanana masu ruwa, daga saman yatsu har sha-raɓa, suka fara fashewa suna tsattsafo da ruwa. Alwala ta zama aiki, da ruwa ya taɓa wurin sai ka ji yana salati da ƙarfi kamar wanda ya ga gobara.

Nan masu magani suka fito. Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ba ta taɓa ganin cutar da ba ta san sunanta ba, ta daka farar wuta ta kwaɓa da man shanu ta lafta masa. Ɗakin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, har kajin Inna suka daina leƙawa. Baffa Idi, ƙanen Baba, ya kawo baƙin mai na inji a gorar lemo, ya ce da shi ya warkar da ƙazuwar jakinsa. Allah ya taimake mu Inna ta ɓoye gorar. Mai kemis ya ba da man shafawa da ƙwayoyi kala uku, ya ce duk abin da ke ciki ɗaya zai same shi. Nasiru kuwa, da ke aiki a Kaduna, ya sa aka tura masa hoton ƙafar a waya, ya duba na minti biyu, ya kira ni.

“Yaya, suga ce. Wallahi suga ce. Mutum shekara hamsin yana shan rake! Irin wannan ake yankewa.”

Na ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi, na kashe wayar, sannan na zauna na yi kuka.

A mako na uku na zo da kaina na ce sai asibiti. A nan ne muka fara tafka kuskuren da ya ja mana wata biyu, kuma da kyakkyawar niyya muka tafka shi. A gidanmu ba a zuwa gaban likita da kayan gona. Inna ta dafa ruwa, Baba ya yi wanka, aka ciro farar babbar rigarsa daga akwati, da hular Sallah, da takalmin fatarsa mai buɗaɗɗen sama wanda ba ya sawa sai ranar Idi da ɗaurin aure. Takalmin ruwa kuwa aka jingine shi a bayan ƙyaure. Da ka ga Baba a kan benci ranar sai ka ɗauka shi ya zo duba asibitin.

Ƙaramin asibiti ne, mutum ɗaya ke ganin marasa lafiya, Sista Rahila. 'Yar kudancin Kaduna ce, amma ta fi shekara ashirin a cikinmu, rabin yaran garin a hannunta aka haife su. Mun yi awa uku a layi tsakanin masu goyo da masu zazzaɓi kafin a kira mu.

“Baba mai rake! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yau kai ne a wurina? Me ya sami ƙafar da ƙaya ke tsoro?”

“Lafiya lau, Sista. Ɗan ƙaiƙayi ne. Su ne dai suka ɗaga hankalinsu.”

Ta duba, ta yamutsa fuska, ta tambayi wa ya shafa farar wuta, ta ce a gaishe shi amma ya huta. Ta wanke ƙafar da hannunta, ta ba da man shafawa, ta ce kwana goma kada ya leƙa fadama. Sannan ta kawo shawarar da kowane mai hankali zai bayar idan ya ga manomin fadama da gyambo.

“In ka koma, kada ruwan nan ya sake taɓa ka. Kana da takalmin ruwa?”

Baba ya juya yana kallon bango. “Akwai wani.”

“Yauwa. Kullum ka sa, daga safe har ka tashi.”

Ni kuma ina gefe kaina ya kumbura, ina jiran a tambayi wa ya saya. Ba a tambaya ba.

Kwana goman nan Baba ya yi su a zaure kamar ɗan fursuna, ƙafa tsirara a kan tabarma, yana aika duk wanda ya wuce ya dubo masa rake. Kuma ƙafar ta yi kyau! Ruwan ya tsaya, ƙurajen suka bushe suka yi ɓawo. Gwaggo Asabe ta ce farar wutarta ce ta yi aiki daga baya. Mai kemis ya ce ai ya faɗa. Ranar sha ɗaya Baba ya zura takalminsa tun da sassafe, da izinin likita wannan karon, bai cire ba sai la'asar sakaliya. Kwana uku aka yi, ƙafar ta dawo fiye da da, ta kumbura ta yi jawur, fatar tana saɓulewa.

Kowa ya ce to, magana ta fito, fadamar ce ba ta son shi kuma.

A mako na shida Baffa Idi ya dawo da sabon ilimi. Ya kirɓa ganyen darbejiya da bagaruwa, ya lulluɓe ƙafar hagu da shi, ya naɗe da tsumma. Da ya rasa abin ɗaurewa sai ya je wurin kekensa ya kwanto robar tayar nan da ake ɗaure kaya da ita, ya zagaya ta sau biyu a saman gwiwa, inda fata take lafiya lau. Bayan kwana biyu aka kwance, sai ga zobe biyu na ƙuraje sun zagaye cinyar, daidai wa daida, kamar an zana da alƙalami.

Gwaggo Asabe ta dafe ƙirji.

“La ilaha illallahu! Ɗaure shi aka yi! Ku dubi igiyar da idonku! Wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu ne. Wa ke son fadamar nan?”

Sannan a hankali kowa ya juya ya dubi Baffa Idi, don kowa ya san tun rasuwar kakanmu yake cewa rabonsa na fadama bai kai na yayansa ruwa ba. Baffa ya miƙe yana rantse-rantse, hularsa ta faɗi, ya ce daga yau ko ƙafar ta ruɓe ba ruwansa. Washegari ya dawo da wani ganyen. Makon nan Baba ya sha rubutu, ya sha hayaƙi har idonsa ya yi ja, ni kuma don tausayi na sayo masa silifas mai laushi na roba ya riƙa takawa a tsakar gida. Bayan 'yan kwanaki shatin igiyar silifas ɗin ya fito a kan ƙafarsa, Gwaggo ta ce wannan kuma rubutu ne, a nemo wanda ya iya karantawa.

Mako na bakwai muka tafi wani asibiti a Makarfi. Aka sake dafa ruwa, aka sake ciro babbar riga da takalmin fata. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, kuma na lura duk wanda ya san mai ba da kati layinsa gajere ne. Likitan mutumin kirki ne amma a gajiye yake, mutum sittin ne a bayanmu. Ya sa aka gwada suga, aka ce lafiya lau. Na kira Nasiru na faɗa masa, ya ce injin ne ya lalace, a sake. Aka sake, lafiya lau. Likita ya yi allura, ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan fata a wani babban asibiti a Zariya. Da na kai takardar aka ba mu rana, Litinin, mako uku masu zuwa, kuma mai rubutawar ta ja mini kunne cewa wanda ya makara sai bayan wata biyu.

Kafin ranar ta zo dangi suka yi zama a zaurenmu. Gwaggo, Baffa Idi, ni, da Nasiru a waya an ɗora shi a kan turmi yana magana da ƙarfi. Aka yanke cewa idan lokacin saran rake ya zo ƙafar ba ta warke ba, Baba ya bar fadama ke nan har abada. Baffa zai karɓi noman, Baba ya zauna a gida a riƙa kawo masa rabonsa. Na goyi baya. Ni ce ma na fi kowa zaƙewa, na ce ƙafa ta fi rake.

Baba ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce, “Da kun bari na mutu tukuna, sai ku raba a tsanake.”

Ya tashi yana ɗingishi ya shige ciki. Ban taɓa ganinsa ƙarami kamar ranar ba. A fadamar nan ubansa ya koya masa riƙon fartanya, kowane kwari da tudu na cikinta ya san shi, ba ya da wata hira a duniya sai ta rake. Na san idan aka zaunar da shi a zaure ba zai kai wata damina ba, kuma duk da haka ban ga wata hanya ba. Shi kuma tun daga ranar ya daina jin maganar kowa. Kullum da safe sai ya cusa kumburarriyar ƙafar a takalmi yana cije leɓe, ya tafi, wai ya yi sallama da gonarsa a hankali.

Ranar Litinin ɗin na fito Ikara da wuri, amma motarmu ta yi faci kafin Makarfi, muka tsaya direba yana neman jak a wurin masu wucewa. Ban isa Kudan ba sai wajen ƙarfe takwas. Na tarar da ruwan wanka ya huce a bokiti, babbar riga a shimfiɗe a kan gado, babu Baba.

“Ya ga ba ki zo ba,” in ji Inna, “ya ce bari ya leƙa ya dawo.”

Na tare ɗan acaɓa muka nufi fadama. Na hango shi tsakiyar rake, taɓo har gwiwa, da tsohuwar taguwarsa mai yagaggiyar kafaɗa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, abin da ban taɓa yi masa ba tunda aka haife ni.

“Baba, fito! Wallahi yanzu za mu tafi!”

“To, bari in je gida in kintsa.”

“Babu lokaci. Haka za ka je.”

“Haka? Gaban likita? Ke, kina da hankali kuwa?”

“Ba ni da shi. Hau.”

Mamaki ne ya hau da shi babur ɗin, ba biyayya ba. Da muka bi ta ƙofar gida Inna ta fito da gudu da babbar riga a hannu tana kiran a tsaya, na ce wa ɗan acaɓa idan ya tsaya ba zan biya shi ba. A cikin bas mutane suka riƙa janye kayansu. A asibitin Zariya kuwa, mai goge ƙasa ta bi mu a baya da tsummanta tun daga ƙofa har benci tana mita, “Baba, gonar ma da ka taho da ita gaba ɗaya.” Baba ya tura ƙafafunsa ƙarƙashin benci, ya sunkuyar da kai har aka kira mu.

Likitan fatar wani dattijo ne mai furfura a gemu, Bazazzagi, ba ya gaggawa. Ya gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo kamar sun haɗu a ɗaurin aure. Baba ya fara ba da haƙurin shigarsa, likita ya ɗaga hannu.

“Malam, cire takalmin nan in gani.”

Ya cire da ƙyar. Likita ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubawa. Sai ya sunkuya ya ɗauki takalmin, da taɓonsa da komai, ya tsayar da shi a gefen ƙwaurin Baba.

“Malama, zo ki duba. Ina ciwon ya tsaya?”

Na duba. Inda bakin takalmin ya tsaya, nan ƙurajen suka tsaya, a miƙe kamar an sa magwaji. Sama da nan fata sumul, in ban da zoben nan biyu. Ya tambayi zoben, na ba shi labarin robar keken Baffa. Ya tambayi shatin da ke kan ƙafa, na ce silifas ne. Ya tambaya ko an taɓa samun sauƙi, na ce kwana goman da ya zauna a gida. Ina ba da amsa ina gane inda maganar ta dosa.

“Sauran likitocin sun ga takalmin nan?”

“A'a. Da na fata yake zuwa.”

Ya yi dariya har ya cire tabarau. “Haka kuke yi mana. Ku yi wanka, ku yi ado, ku bar cutar a bayan ƙyaure. Malam, yaushe ka same shi? Wa ya kawo maka?”

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Yana kallon bango ya ce, “Ni na saya. A Makarfi.”

Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji, dattijon da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba.

Likita ya yi mana bayani a hankali. Ya ce roba asalinta ƙaron itace ce, mai danƙo, ba ta da ƙarfin da za a yi taya ko takalmi da ita sai an dafa ta da farar wuta. Dahuwar tana da jinkiri, don haka masana'antu suke zuba wani sinadari da ke hanzarta ta. Shi ma akwai farar wuta a cikin haɗinsa, amma ba irin ta Gwaggo ba ce. Ragowarsa yana zama a jikin robar, idan ƙafa ta yi zufa a cikin zafi sai ya jiƙo ya shiga fata. Yawancin mutane ba ya yi musu komai har su tsufa. Amma akwai jikin da idan ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan, ko kaɗan ya taɓa sai ya tashi. Ya faɗi sunan sinadarin, tiyuram, ya rubuta mini a takarda, tana cikin jakata har yau.

Don a tabbatar, aka manna wa Baba wasu 'yan faifai a gadon baya da filasta, kowanne da ɗigon wani abu daban, aka ce kwana biyu kada ruwa ya taɓa. Duk hanyar komawa yana ƙorafi. “Ƙafa ke ciwo, an liƙa magani a baya. Wannan shi ne karatun da kuka ce?” Ran Laraba muka koma aka cire, ran Juma'a aka sake dubawa. Duk wuraren lafiya lau sai guda, ya tashi ya yi ja kamar kwabo, yana ƙaiƙayi har Baba yana goga bayansa da jikin kujera. Likita ya ce shi ne. Ya ba da man shafawa da maganin sha, ya hana takalmin, ya hana silifas, ya hana robar taya da safar hannu ta roba. Ya ƙara da cewa hodar nan da ake cuɗa iri da ita kafin shuka, wasu irinta suna da ɗan'uwan wannan sinadarin, kada ya ƙara cuɗawa da hannu. Ya ce akwai takalmin ruwa da ba na irin wannan robar ba, za a iya gwadawa da safar auduga. Na ce zan nemo. Baba ya ce, “An gama saye.”

Da muka dawo gida na sami Inna a madafa na zube, na ce ashe ni ce na kusa gurgunta shi. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

“Ai ya sani.”

“Ya san me?”

“Tun mako na biyu ya ce mini kamar takalmin nan ne ke cin sa. Na ce to ya ajiye. Ya ce in ya ajiye za ki tambaya, kuma duk gari sun san wadda ta saya. Da Sista ta ce ya riƙa sawa, sai ya ce to ka ji, ashe ba shi ba ne.”

“Inna! Wata uku! Ana shirin karɓe masa gona! Ba wanda zai buɗe baki ya gaya mini?”

“To wa zai gaya miki? Ni?”

Na rasa ko in yi ihu ko in yi dariya. Haushi ya cika ni har wuya, na su biyun, da na al'adar da za ta bar mutum ya rasa ƙafa da gona don kada 'yarsa ta ji kunya. A ƙarƙashin haushin kuma akwai wani abu mai daɗi da na kasa haɗiyewa.

Mako uku ƙafar ta bushe, ta yi sabuwar fata. Gwaggo Asabe har gobe tana cewa rubutun ne, likita ya zo ne a kan gaɓa. Nasiru ya ce dama shi bai ce lallai suga ce ba. Maganar karɓar fadama ta mutu ba tare da an yi jana'izarta ba. Ina godiya ga Sista Rahila, wadda da na ba ta labari ta riƙe baki, kuma yanzu duk manomin da ya zo mata da ƙaiƙayi sai ta aika gida a ɗauko abin da yake sawa a gona. Ina godiya ga likitan Zariya da bai ƙyamaci taɓo ba. Mai ba da katin nan na Makarfi kuwa, na bar shi da Allah. Shawarata ɗaya ce: idan za ku kai mara lafiya asibiti, ku yi masa ado in kuna so, amma ku ƙunso abin da yake sawa kullum a leda ku tafi da shi. Idan kuma ƙuraje suka tsaya a layi ɗaya kamar an auna, ku nemi abin da ya tsaya a wurin kafin ku nemi maƙiyi.

Da saran rake ya zo na je Kudan wata Asabar ban sanar ba. Inna ta ce yana fadama, ta kuma ce in je in ga abin da ya mai da kansa, mutane har sun fara magana. Na bi ta cikin rake, ya fi ni tsawo, ba mai ganina. Da na kusa sai na hango sanda a kafe a kan kunya, takalmin ruwan nan rataye a kanta da igiyar rama, an wanke shi yana ƙyalli. Ashe kullum da safe haka yake saɓa shi a kafaɗa a ƙarshen sanda, ba ya taɓa shi, ya kai shi gona, da yamma ya mai da shi gida. Shi kuwa ga shi can cikin taɓo ba takalmi, yana sara kamar saurayi. Baffa Idi yana gefe yana ɗaure dami.

“Yaya,” in ji Baffa, “tunda dai ba sawa kake ba, ka bar mini shi mana. Ni ƙafata ba ta da tsirfa.”

“Je ka Makarfi ka sayi naka.”

“Haba Yaya. Abin da ya kusa cinye maka ƙafa kake wa rowa?”

“Ko ya cinye. Wannan Hajara ce ta saya mini.”

Na tsaya cak. Ashe ya iya faɗa. Ashe haka yake fita a bakinsa, a hankali, kamar abin da ya saba faɗa idan ba na nan. Hawaye suka zubo mini, na sa hannu in share, ganyen rake ya yi ƙara. Baba ya waiwayo, muka haɗa ido. Nan take ya ɗaure fuska ya juya yana duban sama kamar mai neman hadari a watan da ba a ruwa.

“Ke, yaushe kika zo?”

“Yanzu, Baba. Sannu da aiki.”

Ya bi layin raken da ido, ya zaɓi wanda ya fi kauri, ya sare shi, ya feƙe kan da kyau. Ina tsaye taku biyu daga gare shi. Ya miƙa wa Baffa Idi.

“Ungo, ba ta Ikara.”